Saura Ƙiris a Yanka Cikin Suwaiba

Wata rana na je dubiya wani asibitin kuɗi da ke bayan unguwarmu. Ba zan faɗi sunansa ba, kada ma ku wahalar da kanku kuna biyo ni ta akwatin saƙo.

Ƙawata ce ta haihu. Na dama mata kunun kanwa, na ce bari in leƙa in ga jaririya, in dawo kafin yara su taso daga makaranta.

Da na gama ganin mai jego, sai na zagaya bayan ginin in yi alwalar azahar. Akwai wani famfo a wurin, kusa da inda suke ajiye janareta.

A nan na same ta.

Mace ce, ba za ta wuce talatin da 'yan kai ba. Tana tsugune a gaban famfo, ruwa na ta zuba, ita kuma ba alwala take yi ba. Ta cusa gefen mayafinta a baki tana kuka, irin kukan da mutum ba ya son kowa ya ji.

Kun san halina. Ni dai in na ga abu, bakina ba ya iya zama lafiya.

Na rufe famfon na ce, "Baiwar Allah, lafiya? Rasuwa aka yi?"

Ta girgiza kai. Ta ce, "Tiyata za a yi wa wata yarinya."

Na ce, "Yarinyar wa?"

Ta ce, "Ta gidanmu ce."

Na ɗauka ƙanwarta ce, ko 'yar wani ɗan uwa. Na ce mata ta yi haƙuri, ai tiyata yanzu ba abin tashin hankali ba ce, addu'a za ta yi. Na tambaye ta me ke damun yarinyar.

Ta ce, "Sun ce afendis ne. Da la'asar likita mai yankan zai zo. Tun safe aka hana ta cin komai."

Sai ta ɗago ta kalle ni. Idanunta sun yi jawur.

Ta ce, "Wallahi ba afendis ba ne. Banza za a yanka ta."



Na jawo wani bulo na zauna kusa da ita. Na ce, "Ke likita ce?"

Ta ce a'a, ko sakandare ba ta gama ba. Sunanta Huwaila, daga wani gari ta zo da sassafe. Yarinyar kuma sunanta Suwaiba, shekararta goma sha huɗu. Sunan ma ba daga bakinta na ji ba, sai daga baya na ji ana kira. Ita dai "yarinyar" kawai take cewa.

Ta ce watanni ke nan ana fama. Ciwon ciki ya taso wa yarinyar, ta yi ta murƙususu har da amai, kwana biyu ko uku. Sai ya ɗauke ɗif, ta saka kayan makaranta ta tafi kamar ba ita ba.

An gwada jini, aka ce taifot ne. Aka sha magani, ciwo ya dawo.

Aka sake gwadawa, aka ce olsa ce. Aka hana ta yaji da tsami da duk wani abin marmari. Ciwo ya dawo.

Aka ce a duba ƙoda. Aka ce a duba fitsari. Aka ce a yi hoton ciki. Wuri na farko suka ce ba su ga komai ba. Aka je wani wurin, su ma haka. Sai a wuri na ƙarshe mai hoton ya ce kamar ya ga alamar kumburi ta gefen dama.

Kamar fa ya ce.

To a kan wannan "kamar" ɗin aka tsayar da maganar yanka.

Huwaila ta ce, "Hannun yarinyar nan duk tabon allura ne. Ɗazu nas sai da ta soka wuri uku kafin ta samu jijiya."

Na ce, "To ke me kika gani da su ba su gani ba?"

Ta waiwaya hagu da dama, ta yi ƙasa da murya.

Ta ce da ƙaramar Sallah yarinyar ta je musu hutu. Wata safiya ita Huwaila ta zagaya bayan ɗaki ɗebo itace, sai ta ga wasu 'yan tsummoki an wanke an shanya a wani lungu, inda mai su take zaton ba wanda zai gani. A ranar kuma ciwon cikin ya kayar da yarinyar.

Tun daga nan, duk sanda aka bugo waya aka ce ciwo ya tashi, sai ta duba kwanan wata. Kusan lokaci ɗaya ne, kowane wata.

Ta ce, "Ciwon mara ne na al'ada. Ni ma haka na yi fama kafin in yi aure, har suma nake yi. Mahaifiyata ma ta ce haka ta yi. A jininmu yake."

Na ce, "Tsaya. A jininku? Yarinyar mece ce taki?"

Ta sunkuyar da kai ƙasa.

Da ƙyar ta ce, "Ta fari ce."

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

'Yarta ce, jama'a. 'Yar cikinta, ta fari.

Kun dai san yadda abin yake a wasu gidajen namu har yau. Uwa ba ta kiran sunan ɗan fari. Ba ta nuna ta damu da shi a gaban mutane, balle a gaban dangin miji. In yana kuka wata ce za ta ɗauka. In ba shi da lafiya wata ce za ta yi magana. Ita nata kawai ta kawar da kai, a ce kai, wance akwai kunya, akwai kara.

Huwaila ta ce tun da aka yaye yarinyar, yayar mijinta ta ɗauke ta riƙo. Gwaggo Laure ake ce mata. Ita 'ya'ya maza kawai Allah ya ba ta, sai ta ɗauki son duniya ta ɗora wa Suwaiba. Ita ce ci, ita ce sha, ita ce makaranta. Duk yawon asibitin nan ita ta yi shi, babban ɗanta Nazifi yana jan su a mota.

Na ce, "To ita Gwaggon ba ta san yarinya ta girma ba?"

Ta ce, "Ba ta sani ba. Ɗazu likita ya tambaya ko ta fara al'ada. Kafin yarinyar ta buɗe baki Yaya ta ce a'a, ina ta kai nan, yarinya ce ƙarama. Nazifi kuma yana tsaye a cikin ofishin. Yarinyar sai ta sunkuyar da kai."

Na ce, "Ke kina ina?"

Ta ce, "Ina bakin ƙofa, riƙe da jakar Yaya."

Wallahi sai da na ji jinina ya hau.

Na ce, "Haba Huwaila! Haba! Kina tsaye, kina ji, kika yi shiru? Za a sa wa 'yarki wuƙa a ciki kina riƙon jaka?"

Ta fashe da kuka sosai. Ta ce in yi haƙuri in ji sauran.

Ashe Gwaggo Laure ta taɓa rasa ɗa. Saurayi ne, ya yi ta kukan ciki, aka yi ta ba shi jiƙe-jiƙe a gida. Kafin a kai shi asibiti afendis ɗin ya fashe. A kan cinyarta ya cika. Shi ya sa tana jin kalmar nan ta ce a yi aikin yau, ba sai gobe ba.

Huwaila ta ce, "Ta ina zan fara? In ce wa matar da ta raini yarinyar nan tun tana rarrafe ba ta san abin da ke damunta ba? A gaban ɗanta? Kuma in na hana, ya zama ni ce na yi kuskure fa? In cikin ya fashe kamar na wancan, ni na kashe ta ke nan."



Gaskiya ta faɗa. Ni ma ban san mene ne a cikin yarinyar ba. Afendis ba abin wasa ba ne, yana kashe mutum. Amma yanka cikin lafiyayyar yarinya shi ma ba abin wasa ba ne. Akwai allurar barci, akwai zubar jini, akwai ɗinkin da zai iya ruɓewa. Kuma wata mai zuwa ciwon ya dawo yadda yake.

Na ce, "Uban yarinyar fa?"

Ta ce direban babbar mota ne, yana can kudu. Ya ce duk abin da Yaya ta yanke shi ke nan.

Na ce, "To tashi. Ni zan je in faɗa."

Ta riƙe mini zane. Ta ce, "Ki rufa mini asiri. Za a ce na kai ƙarar Yaya wajen bare."

Na fizge zanena na tafi. Ni lokacin ba asirin kowa ne a gabana ba.

Na samu nas ɗin da ke kan tebur, na ja ta gefe, na gaya mata abin da na ji.

Ta kalle ni sama da ƙasa ta ce, "Hajiya, ke wace ce tata?"

Na ce ba kowa ba.

Ta ce, "To ki yi haƙuri. Wadda ta kawo ta ta amsa tambaya, kuma ta amince a yi aiki. In akwai mai magana a cikin danginta, ta zo da kanta ta gaya wa likita. Ni ba zan tsayar da tiyata a kan an ce an ce ba."

Na so in yi mata masifa, amma na san ba ta yi ƙarya ba. Wa zai saurari matar da ta zo barka da kunu?

Na koma na gaya wa Huwaila. Na ce, "Kin ji. Duk asibitin nan babu mai iya tsayar da abin nan sai ke."

Ta wanke fuskarta, ta gyara mayafi, muka shiga ciki.

A kan wani dogon benci na ga Gwaggo Laure. Dattijuwa ce mai jiki, da carbi a hannu, leɓenta na ta motsi. Kallo ɗaya za ka yi mata ka san ita ma a tsorace take. Nazifi yana ta kai da kawowa da waya a kunne.

Huwaila ta wuce can ƙarshen bencin ta rakuɓe, kamar wadda ta zo rakiya.

Gwaggo ta ce, "Ina kika shiga tun ɗazu?"

Ta ce, "Alwala na yi, Yaya."

Shi ke nan. Ta ja bakinta ta rufe.

Na zauna a kujerar da ke fuskantarta ina zare mata ido. Ta ƙi kallona.

Aka kira la'asar. Ba wanda ya motsa a cikinsu. Ni ma wallahi na kasa tashi.

Can sai muka ji an tayar da janareta. Wata mota ta shigo harabar. Nas ɗin nan ta miƙe da sauri ta ce, "Likita ya iso, a shirya ta."



Likitan ya shigo da hanzari, yana naɗe hannun riga. Shi ne ya duba yarinyar da safe kafin ya wuce wani asibitin, daga can ya taso, ka gan shi ka ga wanda ya gaji. Ya gaisa da Gwaggo a tsaye, ya ce kada ta damu, aiki ne ƙarami, yanzun nan za a gama.

Sai ga shi an turo yarinyar a kan gado mai taya.

Allah sarki.

'Yar siririya ce. An saka mata koriyar rigar nan ta tiyata, an rufe mata kai da hula. Robar ƙarin ruwa na maƙale a hannunta. Leɓenta ya bushe, ta haɗe gwiwoyinta da ciki saboda ciwo.

Gwaggo ta tashi ta dafa mata goshi tana tofa addu'a. Ta ce, "Suwaiba, kada ki ji tsoro, ina nan bakin ƙofa."

Yarinyar ta ce, "To, Gwaggo."

Amma ba Gwaggo take kallo ba. Idonta na can ƙarshen benci.

Ita kuma ta ƙarshen bencin tana kallon tafin hannunta.

Na ce a raina, shi ke nan, an gama. Matar nan ba za ta iya ba. Na fara jin haushinta.

Aka ci gaba da tura gadon. Nas ta sa ƙafa ta tura ƙofar ɗakin tiyata. Kan gadon ya shiga.

Sai na ji wata murya.

"Likita, kada a shiga da ita."

Kowa ya waiwaya. Huwaila ce a tsaye.

Likita ya ce, "Ke ce wa?"

Gwaggo ta yi caraf ta ce, "Matar ƙanena ce, rakiya ta yo. Ku wuce kawai."

Huwaila ta ce, "Ni na haife ta."



Gwaggo Laure ta saki carbin ya faɗi ƙasa. Ta ce, "Huwaila! A gaban mutane? Yau kuma ni za ki nuna wa haihuwa? Ina kike sanda nake kwana a zaune da ita? Ina kike sanda nake yawon asibiti da ƙafafun nan nawa masu ciwo?"

Huwaila ta durƙusa har ƙasa. Ta ce, "Ki yafe ni, Yaya. Babu abin da zan biya ki da shi."

Gwaggo ta ce, "To tashi ki ba mutane hanya! Na binne ɗaya saboda jinkiri, ba zan binne ta biyu ba. In cikin yarinyar nan ya fashe, ke za ki dawo mini da ita?"

Nazifi ya matso ya ce, "Anti, don Allah ki bari. Likitoci sun fi mu sani."

Likitan ma ya duba agogo ya ce, "Malama, in kina da magana ki faɗa da sauri. Irin wannan ciwon ba ya son jira."

Na zata za ta koma ta zauna. Wallahi na zata.

Sai ta miƙe, ta je ta riƙe ƙarfen gadon da hannu biyu.

Ta ce, "Abu ɗaya nake roƙo. Ka sake yi mata tambayar da ka yi ɗazu, amma ita kaɗai. Ba Yaya, ba Nazifi, ba ni. In ka ji daga bakinta ka ce sai an yanka, wallahi ni da kaina zan tura gadon nan ciki."

Likita ya ce, "Wace tambaya?"

Ta kalli Nazifi, ta kalli ƙasa. Ta ce, "Ta mata."

Na ga fuskar likitan ta canza. Ya tsaya jim, ya kalli yarinyar. Ita kuwa ta ja hular tiyatar ta rufe idonta.

Ya ce wa nas, "Juyo da ita ofishina. Ke kaɗai za ki shigo."

Aka juya gadon, aka rufe ƙofa.

Jama'a, wannan jiran ban taɓa yin irinsa ba, ni da ba 'yata ba.

Gwaggo ta koma benci tana haki, ta juya wa Huwaila baya. Nazifi ya kira uban yarinyar, ya gaya masa abin da ake ciki, ya miƙa wa Huwaila wayar. Muryar mutumin har inda nake zaune ana ji.

"Kin haukace ne? Yayata za ki kunyata a bainar jama'a? To ki ji da kyau. In wani abu ya sami yarinyar nan saboda ke, kada in dawo in same ki a gidana!"

Ta ce, "To."

Ta miƙa wa Nazifi wayarsa, ta jingina da bango. Ta sulale ta zauna a ƙasa. Na je na zauna kusa da ita.

Ta raɗa mini, "In ba haka ba ne fa?"

Na ce, "In ba haka ba ne za a yi aikin, kuma an tabbatar ke nan."

Faɗa kawai na yi. Ni ma a lokacin addu'ar da ta zo bakina ita nake yi.

Nas ta fito da sauri, ta ɗauko wasu sakamakon gwaji a kan tebur, ta koma. Ta sake fitowa ta ɗauki abin auna zafin jiki. Duk fitowar da za ta yi sai Gwaggo ta miƙe, ita kuma ta wuce abinta.

Can dai ƙofa ta buɗe, likita ya fito. Ya ce wa Nazifi ya ɗan ba su wuri. Ni ma ya kalle ni, sai Huwaila ta riƙe hannuna, ya ƙyale ni.

Ya ce, "An fasa aikin."

Gwaggo ta ce, "An fasa kamar yaya?"

Ya ce, "Hajiya, yarinyar nan ta kusa shekara da fara al'ada. Yanzu haka tana ciki. Duk sanda ciwon ya taso, tare suke zuwa. Na sake danna cikin a natse, a mara ciwon yake. Babu zazzaɓi, jininta bai nuna kumburi ba. Za mu kwantar da ita zuwa gobe mu sa ido, don kada mu yi gaggawa ta wannan ɓangaren ma. In komai ya tafi yadda nake zato, zan tura ku wajen likitar mata. Magani ne za a ba ta, ba wuƙa ba."

Sannan ya ce, "Na yi tambayar ɗazu, amma na karɓi amsa daga bakin da ba nata ba. Wannan kuskurena ne."

To, na ba shi wannan. Ba kowane likita ne zai faɗi haka ba. Amma ni a raina cewa nake, duk waɗancan da suka yi ta zuƙar jinin yarinya wata da watanni fa? Babu ko ɗaya da ya ce kowa ya fita in ji ta bakin mai ciwon?

Gwaggo Laure ta zauna daɓas.

Ta ce, "A ɗakina take kwana. Tare muke yin sallah, ba ta taɓa fashi ba."

Likita ya ce, "Ta ce kunya take ji a gane, gidan duk maza. Kuma tunda kika ce a'a a asibitin farko, ta kasa ƙaryata ki."

Tsohuwar nan ta rufe fuska da mayafi, kafaɗunta suka fara rawa. Duk haushinta da na ji ɗazu sai ya tafi. Ita ma so ne ya kai ta, da tsoron abin da ta taɓa gani.

Ba ta ɗago ba ta ce, "Huwaila, shiga wajenta. Ni ba zan iya haɗa ido da ita yanzu ba."

Huwaila ta miƙe, ta yi taku biyu, ta tsaya. Ta juyo ta ce mini, "Don Allah ki raka ni. Ban taɓa zama da ita mu biyu ba. Ban san me zan ce mata ba."

Uwa fa ke nan da 'yarta.

Muka shiga. An cire wa Suwaiba hular, an ba ta maganin ciwo, tana kwance ta gefe. Na tsaya daga bakin ƙofa. Huwaila ta tsaya nesa da gadon, tana murza gefen mayafi.

Ta ce, "Sannu."

Yarinyar ta ce, "Yawwa."



Sai yarinyar ta ce, "Dama kin sani?"

Huwaila ta gyaɗa kai.

"Tun yaushe?"

"Tun ƙaramar Sallah."

Suwaiba ta daɗe tana kallonta. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta yi fushi ba. Hawaye kawai ya gangaro mata ta gefen ido ya shiga kunne.

Ta ce, "Da kin tambaye ni ko sau ɗaya, da na gaya miki. Ke nake ta jira."



Na fita na ja musu ƙofa. A bayan ƙofar na tsaya na yi kukana, ni da na zo barka.

Darasi:

Kunya ado ce, ban ce a yar da ita ba. Amma ba a kai ta gaban likita. Duk kunyar da za ta sa ki ga ana shirin yanka 'yarki ki kawar da kai, wallahi ba tarbiyya ba ce.

Iyaye da masu riƙo, in kun kai yaro ko yarinya da suka fara tasawa asibiti, ku daina amsa musu tambaya. Ku ba su wuri su yi magana da likita, nas na kusa. Akwai abin da ba za su taɓa faɗa a gabanku ba.

Kuma kada wani ya karanta wannan ya ce na ce a guji tiyata. Afendis gaskiya ne, yana kashewa, in ciwon ciki ya yi tsanani a ruga asibiti. Amma haƙƙinka ne ka tambaya: wannan gwajin na mene ne? Me aka gani? In ba a yi aikin ba me zai faru? In zuciyarka ba ta kwanta ba kuma likita ya ce akwai lokaci, nemi wani likitan ya sake dubawa.

Ke kuma uwa, yau ɗin nan, kira 'yarki ɗaki ki tambaye ta lafiyarta. Ko ta fari ce.

Ku tura wannan ga duk uwa, gwaggo, inna ko kakar da ke riƙon yarinya. Wataƙila a gidanku ma akwai wadda ta yi shiru tana jiran a tambaye ta.